Hannun Maisarewa

"Ba gajiya, sai dai ta ganin fuskarka," in ji tsohon, ko ɗagowa bai yi ba. "Ina iyali? Au, na mance. Iyalina ne ka ƙwace."

"Matata tana lafiya," in ji Zaharadden yana kafe babur. "Ta ce in gaida baƙon nan da ke kwana mana a falo, in tambaye shi yaushe zai koma garinsu."

"Kwarto! Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin, ya jaddi. Ka ci abinci?"

"Mi zan ci? Kai aka zuba ma nama, ni aka miƙo ma ƙanzo ta bayan labule."

Bayan la'asar ne a kasuwar Bab Makka ta Jidda, masu yadi suna sake ɗaga ƙofofinsu, ƙamshin wainar mutabbaƙ da na soyayyen kifi suna kokawa a iska. Tsohon yana zaune a dakalin wani mai atamfa. Sunansa Abdelkader, amma kowa Ɗan'auta yake kiransa, duk da ba sauran baƙin gashi ko ɗaya a gemunsa. Mutumin Madawa ne ta Nijar. Aikin hajji ya kawo shi da matarsa Fatu tun suna da ƙarfinsu, suka zauna, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dakon siminti a gine-ginen Jidda. Zaharadden jikansa ne, mai kiransa ya jaddi, wato kakana da Larabci, haifaffen unguwar Kurayyat, yana kai wa mutane abinci a babur. Shi irin mutumin nan ne da ko dabino ka miƙa masa sai ya ƙirga kafin ya ci, kuma bai yarda akwai matsalar da ba ta da kanti ba.

Tun Zaharadden yana goye Fatu ke kiransa angonta, yadda kowace kaka ke yi, shi da kakansa kuma suna rigimar mata ɗaya, gida yana dariya. To, bara gigin tsufa ya kama Fatu, wasa ya zama gaske. Yanzu in ta ga Zaharadden sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Maisarewa, ka dawo?" Sunan da take ɓoye sunan mijinta da shi ke nan tun tana amarya. Shi kuwa mai sunan, yau da safe ma da ya shiga da kofin shayinta, mayafi ta ja ta rufe fuska, ta ce, "Malam, maigidan ba ya nan. Ka dawo in ya dawo."

Abu ɗaya ya rage wa Ɗan'auta. Akwai wani take da ya ƙirƙira mata da sarewa tun yana kiwon shanun ubansa, ita tana zuwa rijiya. Ya ƙudura a ransa in ta ji taken nan daga bakinsa za ta gane shi, ko da sau ɗaya ne kafin ta tafi. Sai dai tsohuwar sarewarsa ta itace danshin Jidda ya tsaga ta tuntuni. Da Zaharadden ya sayo wata ta roba irin ta yara, busa ɗaya Fatu ta toshe kunnuwa ta fashe da kuka. Dole sai mai kaurin murya. Neman da ya fito da su ke nan.

"Yalla, tashi," in ji Zaharadden. "Na bincika shago biyar a waya, huɗu ba su da ita. Na biyar yana cikin lungun can."

"Lungu? Ko dai ka sayar da ni ga 'yan tarhil, a kwashe ni a mayar Nijar, ka huta?"

"Wallah na tambaya. Sun ce jirgi ba ya ɗaukar tsohon kaya."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Ita zuma. Kai tsohon batir ne, ko an sa ka caji ba ka riƙewa."

"Ji bakinsa. Yi mini Hausa sosai, ɗan nema. Taka Hausar kamar an taka gwangwani."

"Da ita na ƙwace maka mata."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"To wa ya ce ka tsage?"

Tsohon ya harare shi. Ya miƙa hannu kawai, Zaharadden ya ɗago shi. Nauyinsa bai kai na jakar abincin da ke bayan babur ba. Zaharadden ya ji haka a hannunsa, ya yi kamar bai ji ba.

Shagon na wani Bayamane ne mai suna Raed, mai sayar da ganguna da igiyoyin garayar Larabawa da turaren wuta. Da ya ji abin da suke nema sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi, ya kakkaɓe, ya zube sarewa bakwai, duk na ƙarfe. Huɗu gajeru na tagulla, biyu matsakaita, ɗaya kuma doguwa ta alminiyam, ta fi kamu ɗaya tsawo, kaurinta kamar bututun famfo. Ya yi wani bayani da Larabci.

"Ya ce gajerun na yara ne," in ji Zaharadden, "daidai da kai."

"Na ji Larabci tun uwarka na rarrafe. Cewa ya yi daga Turai aka kawo su, ba mai saye." Tsohon ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya taɓe baki. "Wagga ba sarewa ba ce. Sarewa a gefen leɓe ake ɗora ta, mutum ya nemo muryarta da kansa. Wagga an yi mata baki, sai tsotso kamar jariri."

"Shi ya sa ta dace da kai. Haƙori nawa ya rage maka? Bari in ƙirga."

"Ƙirga na ubanka."

"Nasa talatin da biyu ne cif. Ba daga gidanku ya gada ba."

"Busa mu ji, mai baki."

Zaharadden ya sa gajeriyar a baki ya busa. Wata ƙara ta fita kamar birkin tsohuwar bas. Mage da ke kwance a kan ganga ta dire ta yi waje.

"Ajiye! Wagga ta alƙalin ƙwallo ce. Mata zan kira, ba ɗan sanda ba."

Aka gwada matsakaiciya. Muryarta ta fito da daɗi, garau, har Raed ya gyaɗa kai. Tsohon ya karkata kunne, ya saurara har ta ƙare, sannan ya girgiza kai.

"Budurwa ce. Ni ba budurwa nake nema ba."

"Alhamdulillahi, ka san matsayinka."

"Ka taɓa jin kukan saniya da yamma, in an raba ta da maraƙinta? Ba na yunwa ba, wanda take yi can daga ciki, kamar ƙasa ce ke magana."

"Ni saniyar da na sani tana cikin firji."

"Kaico. Kuma wai wanga ne ya gaje ni. To irin muryar nan nake so. Tawa ta gida haka take. In na busa daga bayan gari, kakarka tana bakin rijiya take sakin guga."

"Ta sake shi ne don tsoro."

"Miƙo doguwar, ja'iri."

"Ya jaddi, wannan ta fi ka tsawo. Da ita ma za mu auna maka likkafani."

"Kai za a riga aunawa, da wanga tuƙin naka. Busa."

Zaharadden ya cika ƙirji ya hura da ƙarfi. Doguwar ta yi wani ihu wanda ya fi na gajeriyar muni.

"Tayar babur kake hura ma iska?" Tsohon ya kai masa duka a ƙeya, bai kai ba. "Babba ba a yi masa tsawa. Toshe ƙofofin duka. Da tsakiyar yatsa, ba da farce ba, kai ba ka ga faɗinsu ba? To yanzu hura a hankali, kamar kana huce ma jariri kunu."

Zaharadden ya sassauta. Da farko iska ce kawai. Sannan wata murya ta taso daga ƙasa, mai kauri, mai sanyi, ta cika ɗan shagon har fatun gangunan suka amsa. Ya ji ta a ƙashin ƙirjinsa kafin ya ji ta a kunne. Raed ya tsaya da jan carbinsa.

Tsohon ya lumshe ido.

"Ita ce," ya ce can.

"Halas, shi ke nan! Ka gani? Na ce maka shago na biyar."

"Ƙofa shida gare ta. Tawa huɗu ce."

"Shida a cire huɗu, biyu. Wannan ba matsala ba ce." Zaharadden ya zaro baƙin salatif daga aljihu, wanda yake ɗaure wayoyin babur da shi. "Nuna mini waɗanda suka yi maka yawa."

Tsohon ya bi ƙofofin da yatsu, yana sa shi ya hura, yana buɗe wannan yana rufe waccan, har ya ce, "Wagga da wagga." Zaharadden ya nannaɗe su tsaf, ya yanke da haƙori, ya miƙa masa.

Ɗan'auta ya goge bakin sarewar da gefen rigarsa, ya ce wai kada ya kwashi rashin kunya. Ya ɗora yatsu. Suka zauna a ƙofofin kamar jiya suka bari. Ƙaramin yatsansa na hagu, wanda igiyar bijimi ta karya tun yana saurayi ya warke a karkace, ya miƙe sama shi kaɗai.

"Har yanzu ɗan yatsan nan yana gaida sama?" in ji Zaharadden. "Kamar eriyar tsohuwar rediyo."

"Shi ya fara burge matarka, kafin a san za a haifi ubanka."

Ya yi bisimilla, ya ja numfashi, ya busa. Murya ta ɗaya ta fito. Ta biyu ta hau kanta. Ta uku ta karkato, har Zaharadden ya ji inda za ta nufa. Ta huɗu ta mutu a hanya. Tari ya sarƙe tsohon, ya dafa teburi yana yi kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Ƙura ce," ya ce da ya samu kansa. "Mutumin ga ba ya goge kayansa."

Ya sake gwadawa. Biyu suka fito. Ya huta, ya share hawayen tari, ya sake. Wannan karon ba abin da ya fito sai huci, kamar tayar da ƙusa ta huda. Zaharadden yana ƙirgawa a zuci ba da son ransa ba. Uku, biyu, babu.

"Ai na faɗa, tsohon batir," ya ce, yana jiran zagi.

Zagi bai zo ba. Tsohon ya zauna a kan wani kwali, sarewar a cinyarsa, yana kallon ta. Zaharadden ya gwammace a zage shi tun daga kakanninsa da wannan shirun. Raed ya kawo ruwa a kofi, ya ce cikin tausasawa doguwar tana cin iska da yawa, ko Alhaji zai haƙura da matsakaiciyar.

"Ce masa na gode," in ji tsohon. "Ce masa Fatu ba ta san matsakaiciya ba. Wannan muryar ta sani."

"To ka huta ka sake. Gobe mu je asibiti su ba ka abin shaƙa, ka ga..."

"Sun ba ni. Yana aljihu. Zaharadden, duk benen da ka gani daga nan har Aziziyya akwai numfashina a cikinsa. Siminti ya shanye. Je ka ƙwanƙwasa ka ce su mayar mini."

Rabon da ya kira shi da sunansa na yanka, Zaharadden ba zai iya tunawa ba.

"A waya fa? In nemo wani mai sarewa ɗan Nijar, in kunna mata."

"Taken nawa ne. Ba ya cikin wayar kowa. Mutum biyu suka san shi a duniya, ɗaya ya mance, ɗaya ba iska." Ya miƙa sarewar. "Linzami ya hi ƙarfin bakin kaza. Mayar masa, mu tahi."

Zaharadden bai karɓa ba. Tsohon ya riƙe ta a miƙe, sannan ya dubi jikan nasa daga sama har ƙasa, kamar yau ya fara ganinsa.

"A'a. Saya. Kai za ka koya."

"Ni?"

"Akwai wani kwarton a nan bayan kai?"

"Ya jaddi, yi lissafi mana. Yanzu ma da hannu wofi take ce mini Maisarewa. In ta ga sarewa a bakina, halas, ka gama. Ko shayi ba za ta ƙara karɓa daga hannunka ba."

"Na sani."

"Ka sani, kuma..."

"Kullum ina jin ta ta bayan labule tana tambayarka, Maisarewa, ina sarewarka, mi ya sa ka daina busa mini. Kai kuma kana yi mata ƙaryar tana wurin gyara. Ita mijinta take so ya busa mata. Ba ta ce sai ni ba." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ka daɗe kana so. To na sakar maka. Mutumin ga shaida ne."

"Ba na karɓar saki a kasuwa."

"Ka ga ɗan banza. An ba shi kuma yana yanga."

"Wa ya ce ina son tsohuwa mai kwana tana kiran shanu? Riƙe kayanka. Kuma dubi yatsun nan nawa. Birki suka sani da latsa waya. Kafin su koyi taken nan..." Bai ƙarasa ba. Su biyun sun ga yadda Fatu ta rage cin abinci, da yadda zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Daga waje wani mai shayi yana ƙwala kira. Zaharadden ya dubi hannun tsohon, ya dubi sarewar, ya dubi nasa ƙirjin. Sai ya tafa hannu har Raed ya zabura.

"Tsaya. Kai: yatsu goma, ɗaya ya lalace, saura tara, iska sifiri. Ni: iska tanki cike, yatsu sifiri. Sarewa ɗaya. Mene ne wahala a nan?"

"Mi kake nuhi?"

"Matsa baya a kan kwalin." Ya zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun tsohon, ya ba shi baya, ya sa sarewar a bakinsa. Ta gefen baki ya ce, "Zagayo da hannuwanka. Kai ka taɓa, ni in hura."

"Ni in rungumi kwarto a tsakiyar kasuwa?"

"Da ka goye ni ba ka ji kunya ba."

"Lokacin kana mini fitsari a baya. Har yau ban yahe ba."

"To ka rama yau, ga bayana nan."

Tsohon ya yi tsaki, amma hannuwan suka zagayo. Yatsun suka lalubo ƙofofinsu.

"Wallah warin man zafi kake, ya jaddi."

"Kai kuma warin albasar mutane. Ji nan. In na dungure ka da gwiwa, ja numfashi. In ban dungure ka ba, ko mutuwa za ka yi, kada ka tsaya."

Farkon gwaji ya fito kamar akuya ta faɗa rijiya. Raed ya juya musu baya, kafaɗunsa suna girgiza.

"Na ce kunu za ka huce, ba gobara za ka kashe ba!"

"Kai ne kake gudu! Yatsunka sun fi ka rai."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Sake."

Suka sake. Suka kuma sakewa. Gwiwar tsohon tana sauka a haƙarƙarin Zaharadden, wani lokacin don numfashi, wani lokacin don mugunta kawai. Can, ba tare da wani ya shirya ba, abin ya haɗu. Murya ta ɗaya, ta biyu, ta uku ta karkato, ta huɗu ta ɗauke ta, sauran suka biyo a jere kamar shanu masu komawa gida. Zaharadden ya fara ƙirgawa, ya kai tara, lissafin ya ɓace masa. Ya ji goshin tsohon ya sauka a ƙeyarsa, ya ji danshi a wuyan rigarsa. Bai waiwaya ba.

"Gumi ne," in ji tsohon.

"Na sani. Jidda akwai zafi."

Raed ya rage abin da ya rage a kuɗin, ya ce a yi wa Hajiya addu'a. Tsohon ya harɗe hannuwa ya kalli rufi.

"Mai mata shi ke biya."

"Ɗazu ka ce ka sake ta, yanzu kuma ni zan biya kuɗin zawarcinka?"

"Ka ce ba ka karɓa. Biya, tara na ci ka."

Ya biya. A babur tsohon ya zauna a baya, hannu ɗaya riƙe da ƙugun jikansa, ɗaya riƙe da sarewar a tsaye kamar mashi, yana zagin kowane rami har Kurayyat.

Rana ta yi ja da suka shiga. Khairiyya, mahaifiyar Zaharadden, ta dube su, ta dubi bututun da aka nannaɗe da salatif, ta bar musu ɗakin. Fatu tana jingine da matasai a kan katifa, ta zama 'yar mitsitsiya cikin mayafi. Da ta ga Zaharadden fuskarta ta haskaka.

"Maisarewa, ka dawo? Wane ne wanga ka zo da shi?"

"Yarona ne, Hajiya. Shi ke ɗaukar mini kaya."

"Tsoho haka? Ka ji tsoron Allah, ka riƙa ba shi abinci."

"Ka ji ko?" in ji tsohon ƙasa-ƙasa. "Ko ita ta san azzalumi ne kai."

Zaharadden ya zauna a ƙasa dab da katifar. Tsohon ya jawo kujerar tsugunno ya zauna a bayansa, ya ɓoye fuskarsa a bayan kan yaron. Hannuwa suka zagayo. Gwiwa ta dungura.

Muryar ta taso a hankali. Fatu ta daina wasa da bakin mayafinta. Ta karkata kai. Hannunta na dama, wanda ke dunƙule tun safe, ya buɗe a kan cinyarta kamar mai sakin igiya. Zaharadden yana kallon ta ta saman sarewar. Ya zaci fuskarsa za ta kalla. Ba ta kalla ba. Idanunta suka sauka a kan ƙofofin, a kan busassun yatsun da ke tashi suna sauka, suka tsaya cak a kan ɗan karkataccen da ke tsaye shi kaɗai.

Taken ya kai ƙarshe.

"Wa ya ba tsohon ga hannun mijina?" in ji Fatu.

Ta miƙo hannu ta kamo na hagun, ta jawo shi cinyarta. Tsohon ya biyo shi har ya kusa faɗowa daga kujera. Ta murza ɗan yatsan da babban yatsanta, a hankali, tana yi masa magana shi kaɗai.

"Har yau bai miƙe ba. Na ce ka tahi wurin maɗori, ka ƙi. Kai dai ba ka jin magana. Ka bar ni bakin rijiya ina ta jira, guga ya faɗa, inna ta yi ta faɗa."

"Na ɗauko miki shi," in ji tsohon. "Na shiga na ɗauko, Fatu."

Ta ɗago. Ta dubi farin gemun, da ramukan kumatun, da jajayen idanun. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta sa ɗaya hannun ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta, amma ba ta saki nasa ba.

"Malam," ta ce da ladabi, "ka bar hannun nan, kai ka tahi."

Zaharadden ya sunkuyar da kai. Ya ji jikin tsohon yana girgiza a bayansa, ya ɗauka kuka ne. Da ya waiwaya sai ya ga dariya ce, irin wadda ba ta da sauti don ba iskar yin ta, hawaye suna bin gemu.

"Ka ji, ɗan nema?" ya ce da ƙyar. "Hannu ya samu iƙama, an ba shi takardar zama. Mai hannu, tarhil."

Tun da Zaharadden ya iya magana bai taɓa barin tsohon nan ya ci shi ba. Yau kam an ci shi. Ya goge bakin sarewar da rigarsa, ya ɗora ta a cinyar kakansa.

"Na sallama, ya jaddi. Matarka ce. Sarewar ma taka ce. Ni ɗan aike ne, iska kawai nake kawowa."

"Sai yau ka sani."

"Amma kuɗin kai saƙo daban."

"Allah ya biya ka."

"Haka duk matsiyata ke cewa."

"Maisarewa," in ji Fatu, idonta a kan hannun da ke cinyarta, "sake busa mini."

Tsohon ya gwada zare hannunsa a hankali don ya kai shi kan sarewa. Ta ƙara damƙewa. Ya dubi hannun, ya dubi jikansa, ya koma bayan ƙeyar yaron ya ɓuya, ya zagayo da na daman shi kaɗai.

"Ka ga irinta ko? Ɗora yatsunka a ƙofofin sama. In na matse maka kafaɗa da haɓa, ɗaga."

"Zai fito kamar akuya a rijiya."

"Ya fito. Wanga hannun ba zan karɓo shi ba yau." Gwiwa ta dungure shi a haƙarƙari. "Yalla, kwarto. Huce kunu."